Katin da Baba ya yanka

Duluth, Minnesota

Zuwa ga yayana Wendell,

Ina buɗe wasiƙar nan da gaisuwa da kewa mai yawa. Allah ya sa ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ya kare ka daga sanyin Alaska da hatsarin aikin rijiyar mai. Mu nan lafiya lau. 'Yata Josie ta yi tsawo har ta fara sa takalmana ba tambaya, ƙafar Baba kuma ta yi sauƙi, ya koma tuƙa tsohuwar motarsa. Na yi ta kiranka waya ba ta shiga, shi ya sa na ɗauki biro. A cikin mota nake rubutu lokacin hutun cin abinci, don kwana biyun nan na kasa zama wuri ɗaya, abincin ma ba ya shiga.

Maganar gidan nan ce mai baranda da nake shirin saya. Ka san yadda na yi shekaru ina lallaɓa makin da bankuna ke auna amanata da shi. Katin bashi uku nake juyawa: na mai, na cefane, da na ko-ta-kwana. Ban taɓa bari ranar biya ta wuce ba, ban taɓa kusantar iyakar da suka yanka mini ba. Amma ginshiƙin makin shi ne na huɗu, katin Baba, wanda marigayiya Mama ta sa ya ƙara sunana a kai tun ina sakandare. Ko kwabo ban taɓa kashewa da shi ba. Tsufansa da faɗin iyakarsa ne kawai suke sa a ɗauke ni daɗaɗɗiyar mai cika alkawari. Madam Thibodeau, wadda ke riƙe da takardun rancen gidan, ta ja mini kunne tun farko. Ta ce kada in buɗe sabon kati, kada in rufe tsoho, ko kujera kada in ɗauka bashi, in lafe kawai har makulli ya shigo hannuna, don za su sake duba makin kafin a sa hannu ƙarshen wata.

To, wata Lahadi bayan coci sai ga Baba da ambulan, bakinsa har kunne. Na zazzage, sai gutsattsarin kati. Wai ya kira banki ya rufe shi, an cire sunana. Wai ke 'yar nan, ina aka taɓa zuwa neman gida da katin bashi har huɗu a jaka, sai ka ce 'yar caca? Wai ya rage mini kaya, yanzu mutanen banki za su ga 'yarsa fes. Ka dai san Baba, mutumin da ya sayi mota da tsabar kuɗi daga aljihun wando. Wendell, na buɗe baki zan yi magana, sai na ga yadda idonsa ke sheƙi. Na ce masa na gode, Baba.

Shekaranjiya makin ya rikito. Tun daga lokacin nake duba waya kamar mai jiran sakamakon asibiti, alhali na san ba abin da zai canza. Madam Thibodeau ta dafe kai, ta ce baiwar Allah, wa ya aike ku? In aka duba a haka, ko dai kuɗin ruwa ya haura abin da albashina zai ɗauka, ko su janye gaba ɗaya. Mai gidan yana da wani mai saye a gefe, ni kuma na riga na gaya wa mai gidan haya za mu tashi. Na kira bankin Baba, suka ce abin da aka rufe ya rufu, in an buɗe sabo jariri ne a wurinsu. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye maka ba.

Ga roƙona. Ka ƙara sunana a kan tsohon katinka na tun zamanin soja, da zarar wasiƙar nan ta iso. Ba na son katin a hannuna, su aiko maka ka jefa a aljihun tebur. Shekarunsa kawai nake son in ara. Madam ta ce wataƙila ya bayyana kafin ranar sa hannu, wataƙila a'a. In ba za ka iya ba, ka gaya mini kai tsaye, ba zan riƙe ka a zuciya ba.

Ka gaishe mini da matarka Renata da yaranka su Silas, ka ce wa ƙaramin ina sane da alkawarin safar hannunsa. Josie na gaishe ku. Baba ma yana gaisuwa. Tun ranar Lahadin nan yake garejinsa yana ƙera benci, ya je ya auno barandar da kansa, har ya tambaye ni launin fentin da nake so. Ya ce zai kira ka ya ba ka labarin yadda ya taimaka mini. In ya same ka, Wendell, don Allah ka ce masa ya kyauta.

Ƙanwarka mai jiran amsarka,
Corinne