Babin Lantarki da Babin Haske

Zuwa ga Malam Maganaɗisu,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan iyali lafiya. Ina taya ka murnar komawa ofishin masu duba makarantu. Har yanzu yara suna kiran mu da sunayen da suka laƙaba mana, kujerarka kuma tana nan da karyayyiyar ƙafarta.

Aboki, tuni nake maka da yarjejeniyarmu. Tun da muka fara koyar da fiziks muke musaya: ni in shiga ajinka in yi babin haske da sauti, kai ka shiga nawa ka yi babin lantarki, tunda kowa ya san inda yake tuntuɓe. Na yi nawa a zangon farko. Naka ya rage, ga jarrabawar ƙarshe ta matso. Jiya wata yarinya ta tambaye ni me ya sa allurar mitar auna lantarki ba ta motsi sai an motsa maganaɗisu cikin naɗin waya. Na ce ta jira ka. Don Allah ka ba mu ko da Asabar biyu ne.

Naka,
Madubi

*

Malam,

Na samu takardarka, na gode. Aikin ofis ba zai bar ni in zo ba. Haka kuma tsarin musayar aji bai dace da ƙa'ida ba, don kowane malami shi ke da alhakin manhajarsa gaba ɗaya. Ina ba ka shawara ka duba littafin ɗalibai, bayanin yana ciki. A gaida shugaban makaranta.

Jami'in duba darasin kimiyya

*

Malam Maganaɗisu,

Gaisuwa, tunda an saba.

Yau shugaba ya karanta mana rahotonka a ɗakin malamai, a kan darussan fiziks masu wuya. Da ya zo wurin da ka ce akwai wani malami mai tsallake babin lantarki yana cewa ɗalibai su jira wani, babu wanda ya ɗaga kai. Malaman fiziks nawa suka rage a makarantar nan? Maganar yarinyar nan ma ka saka, yadda na rubuto maka ita, ko kalma ba ka canza ba.

An karɓe min ajin ƙarshe, an ba malamin lissafi, wanda ya ce min shi ma karantawa zai yi da safe ya faɗa musu da rana. Yaran da na raino tun ajin farko ke nan. Raina ya ɓaci, aboki, kuma ba a kan muƙamin ba. Na duba rahoton sama da ƙasa ban ga inda ka ambaci malamin da yaro ya taɓa miƙa wa cokali, ya ce me ya sa yake ganin fuskarsa a kife a ciki, malamin ya aiko a kira ni daga wani aji ba. Ban taɓa faɗa wa kowa cewa kai ne ba, ko matata.

Ka huta lafiya.
Madubi

*

Abokina Madubi,

Gaisuwa da fatan alheri, yaya yara? Ka yi haƙuri, ban ambaci suna ba ai, kuma an matsa min ne in kawo misali. Za mu zauna mu gyara.

Wata alfarma nake nema. An ce ni zan jagoranci horon malamai ranar Litinin, ga manyanmu za su zauna a ciki, kuma an sa babin haske a farko. Ka taimaka in zo gida gobe ka bi min shi. Ka san halin da nake ciki.

Naka har kullum,
Maganaɗisu

*

Ranka ya daɗe,

Gobe ba na nan. Amma za mu haɗu Litinin, don sunana ne na farko cikin waɗanda aka tura horon, bisa rahotonka. Zan zauna a layin gaba, ina da tambaya ɗaya.

Zan zo da cokalin.

Malamin ƙananan azuzuwa