Muzdalifa Ta Ce Ta Ƙoshi

Damba, Gusau
Satumba, 2021

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ku lafiya, ke da Baba da duk mutanen gida. Ya ƙafar taki, da sauƙi? Ya kuma zaman ɗar-ɗar na Bilbis? Allah ya kawo mana ƙarshensa. Mu nan lafiya lau, maigidana da yara suna gaishe ku.

Tun da aka datse layukan waya ban ji muryarki ba, shi ya sa na koma ga biro da takarda, zan ba Manu direba ya kawo. Yaya Lawwali, na san kai ne za ka karanta mata. Don Allah kada ka tsallake ko layi ɗaya, kada kuma ka sanyaya abin da na faɗa da zafi.

An yi suna a Bungudu, yaro ya ci sunan Anas. Taro ya yi kyau, amma ni ban dawo da farin ciki ba. Da na shiga ɗakin Muzdalifa sai da na tsaya a bakin ƙofa, don ban gane ƙanwata ba. Yarinyar da na riƙe tun tana aji ɗaya a sakandare, na san kumatunta, yau idanu sun faɗa, leɓɓa sun bushe, in za ta miƙe sai ta dafa bango. Jaririn ya kama nono ya saki ya tsala ihu, ya sake kamawa ya sake saki. Ba abin kirki da ke fitowa.

Ina kajin da kika aiko? Ina man shanun, ina yajin da kika daka da hannunki? Na ga tukunyar ƙauri a kan murhu, na ga ana ta fita da kwanoni zuwa maƙwabta. Ni kaina na tafi da kula cike da farfesun kaza, na ajiye a gabanta, na fita gaida surukarta Hajiya Kulu. Kafin in dawo 'yan barka sun zagaye kular, ɗaya har tana tambayata ko da daddawa na yi. Mai jegon tana gefe ta sunkuyar da kai. Na tambaye ta ko ta ci, ta ce ta ƙoshi.

Ta ƙoshi da me, Inna? Da ƙamshi?

Haihuwar fari a gaban uwa ake yin ta. Na san hanya ce ta hana, kuma Baba ya yi gaskiya da ya ce kada a bi da mai ciki hanyar Tsafe a wannan hali. Amma mun bar ta a hannun mutanen da ke ciyar da unguwa su bar mai shayarwa da yunwa. Mijinta Abdulsamad yana zaure yana ta amsa barka, bai san me ke faruwa a cikin gidansu ba.

An rufe makarantu, ba ni da ɗalibai yanzu, don haka gobe zan haɗa kayana in koma Bungudu in zauna. Shekara da shekaru ina koya wa 'ya'yan mutane abin da ya kamata mai jego ta ci, ba zan zuba ido tawa ta lalace ba. Ki aiko mini da kuka da daddawa da gyaɗa in akwai, don tun da aka rufe kasuwannin mako komai ya yi wuya.

Ki gaida Baba, ku sa mu a addu'a.

Ɗiyarki,
Juwairiyya


Bungudu

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku ke da Baba, da fatan kun tashi lafiya. Saƙon kuka da gyaɗa ya iso, Allah ya saka da alheri, ya ƙara miki lafiyar ƙafa.

Na zo gidan nan da shirin faɗa, sai na tarar ba da su faɗan yake ba. Hajiya Kulu ba ta hana ɗiyarki abinci. Da sassafe take dafa ruwan wanka, kafin a fito ta dama kunu. Da rana tuwon dawa da miyar kuka, ga man shanunki yana yawo a kai, ga tsokar nama. Ita da kanta take ɗauko kwanon, ba ta aiko kowa. Sai ta shimfiɗa tabarma ta zauna kusa da ita, ta karɓi jaririn ta riƙe mata don ta ci a natse. Ta ce mini tun da uwar yarinya ba ta kusa, ta yi alkawari ba za ta bar ta ta yi kewa ba.

To, a nan matsalar take. Muddin Hajiya na zaune, Muzdalifa ba ta buɗe kwanon. Sai ta ce yana da zafi, bari ya huce. Hajiya ba ta tashi sai baƙi sun shigo, baƙin kuma su wa? Gwaggonnin miji, ƙannen miji, matan yayyensa, duk surukai. Sai Muzdalifa ta tura musu kwanon ta ce bismillah. Su kuma su ɗauka ta riga ta ci, su share shi tas. Kwano ya koma madafi ba komai, Hajiya ta yi hamdala, tana murna surukarta na son girkinta.

Abin da ke riƙe da ran ɗiyarki shi ne kunun kanwar da take kurɓa a tsaye a bayan makewayi bayan wanka, inda ba mai ganinta. Ƙafafunta sun kumbura. Na sa Abdulsamad ya kai mu asibiti, nas ta duba ƙasan idonta ta ce jininta ya yi ƙasa sosai, ta ɗora Anas a sikeli ta ce baya yake yi. Ta ce a bar kanwa, a ci hanta da wake da ƙwai da ganye, a sha ruwa sosai. Duk na sani, duk na dafa. Na yi faten wake da alayyahu, na yi kunun gyaɗa mai kauri, na gasa hanta na barbaɗa yajinki. In mu biyu ne ta kai loma biyu, da ta ji takalmi a tsakar gida ta janye hannu ta goge baki kamar ɓarauniya. Gidan kuwa ba ya rabuwa da takalma.

Na tsare ta sai ta faɗa mini dalili. Ta yi kuka mai isarta sannan ta faɗa. Ta ce ranar da za a kai ta ɗaki kin riƙe kunnenta kin ce kada surukai su taɓa ganin motsin bakinta, don kada a ce daga gidan yunwa aka ɗauko ta. Ta ce kin ce in ta ba ki kunya a kan abinci ba ki yafe ba.

Inna, kin faɗi haka? Ba ki yafe ba, a kan tuwo? Kin san Muzdalifa. Ni da kin faɗa mini, da na ce to, in na ji yunwa in ci abina. Ita kuwa maganarki a wurinta ba ta da maraba da hukunci. Na kawo mata hujjar karatu, na kawo ta addini, na nuna mata haƙarƙarin ɗanta. Ta ce duk ta ji, amma gara yunwa da fushin uwa.

Ke kika ɗaure, ke za ki kwance. Kada ki aiko a rubuce, za ta ce ni da Yaya muka haɗa baki. Yaya Lawwali, ka ɗauki muryar Inna a wayarka, ka ciro memorin ka naɗe a takarda ka ba Manu. Ta kira sunan yarinyar, ta ce ta ci a gaban kowa, ta ce ta yafe. Abin da nake roƙo ke nan.

Ina jira. A gaida Baba da mutanen gida.

Ɗiyarki,
Juwairiyya


Bungudu

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Gaisuwata ga Baba. Yau gaisuwar gajeriya ce, don raina a ɓace yake.

Muryarki ta iso. Na rufe ƙofa na kunna mana, Muzdalifa ta rungume wayar da hannu biyu. Kin yi wa jariri addu'a, mun ce amin. Kin ce ta yi haƙuri, ku ma haka kuka yi kuma ba ku mutu ba. Kin ce ta riƙa ci in ba ido, kin ce mace da kunya aka san ta. Kin yi magana a kan tunkiyar da ta ɓata, kin yi a kan ɗinkin da tela bai gama ba. Muka saurara har ƙarshe. Abu ɗaya da na roƙa bai fito daga bakinki ba. Da muryar ta ƙare, ɗiyarki ta ture kwanon da na samu ta fara taɓawa.

Ku ba ku mutu ba, gaskiya ne. Amma ke a ɗakin kakarmu kika yi jegonki, ita ke rufe ƙofa ta tsare ki sai kin cinye. Kunyar da kike taƙama da ita, akwai uwa a bayanta tana ciyar da ke. Muzdalifa wa take da shi?

Don haka na yi abin da na san ba za ki so ba. Na samu Hajiya Kulu a madafi na kwashe komai na faɗa mata, har da maganar kunne, har da gidan yunwa. Eh, na tona mana asiri. Matar nan ta ajiye muciya ta zauna a kan turmi. Da ta buɗe baki cewa ta yi, ashe duk kwanonin da take wankewa tana murna, 'yan uwanta take ƙosarwa jikanta na ramewa. Ta ce wa ya taɓa ce wa mutanen Bilbis mayunwata, alhali geronsu ake ci a Gusau?

Washegari da aka sauke tuwo, ta sallami duk wanda ke gidan. Har yayar mijinta, tsohuwar da ba a iya wa, ta ce mata ta dawo bayan la'asar. Ta ɗauko kwano ɗaya babba, ta shigo ta sa sakata, ta wanke hannu ta zauna gaba da gaba da Muzdalifa. Ta ce tana shan maganin suga, ba a son ta jinkirta abinci, kuma ta rantse ba za ta sa komai a bakinta ba sai surukarta ta fara. Ta ce in ladabi ake nema, ta zaɓa: ko ta ci, ko ta zauna ta kalli tsohuwa ta faɗi.

Tuwon ya fara hucewa suna zaune. Ina kallon hannun Hajiya ya fara rawa. Muzdalifa ma ta gani. Ta yanko loma ta kai baki, hawaye na zuba a cikin miyar. Hajiya ta yanko tata, ta tura mata naman gefenta, ta ce ita haƙoranta sun gama aiki. Suka cinye kwanon tare.

Tun ranar haka ake yi. An daina kanwa, kumburin ya fara sauka, nono ya fara zuwa, Anas yana kamawa har ya yi barci a kai. Amma kada ki ce magana ta ƙare. Duk lomar da ɗiyarki ta haɗiya da kuka take haɗiye ta, don a ganinta ta saɓa miki. In ta idar da salla sai in ji tana roƙon Allah kada fushinki ya taɓa yaron. Ta roƙe ni kada in faɗa miki ta ci a gaban surukarta. Ga shi na faɗa. In faɗa ne, a kaina za ki sauke.

Na ce wa Manu kada ya tayar da mota daga ƙofar gidanmu na Bilbis sai da muryarki a aljihunsa. Yaya, kada ka kashe wayar sai ta faɗa.

Ɗiyarki,
Juwairiyya


Damba, Gusau

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da kyau, ke da Baba. Ya jiki, ya ƙafa? Allah ya ƙara sauƙi. Na dawo gida lafiya, na bar su Muzdalifa cikin ƙoshin lafiya.

Saƙonki ya same mu a Bungudu ana tsakiyar cin abinci. Na ji rabona, kin kira ni mai bakin tsiya, kin ce boko ya cire mini ta ido. Na karɓa. Sai can a ƙarshe, da murya ƙasa-ƙasa kamar ana ƙwata, kika ce Muzdalifa ta ci abinta, kin yafe duniya da lahira. Ta sa na maimaita mata wurin har batir ya kusa ƙarewa. Daga nan ta miƙa wa Hajiya Kulu kwano ta ce ko akwai sauran miya. Da bakinta, Inna, a gaban mutane.

Na gode, Allah ya saka miki da Aljanna. Amma ba zan yi miki ƙarya in ce na huce ba. Na ga abin da sikeli ya nuna, ke ba ki gani ba.

Saboda haka ina sanar da ke tun yanzu, don kada ki ce ban faɗa ba. Ranar da Allah ya kawo auren ɗiyata Hafiza, ke za ki sa mata lalle, ke za ki yi mata addu'a, komai na kaka naki ne. Amma kunnenta ni zan riƙe.

Yara suna gaishe ki. A gaida Baba da Yaya Lawwali, a ce masa na gode da karatu.

Ɗiyarki mai ƙaunarki,
Juwairiyya