Ɗamarar da Inna Ta Saƙa

Shu'ab, 6 ga Mayu

Ƙanwata Sa'adiya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya jikin Inna? Tarin ya sake ta? Ki haɗa hanci da ita a madadina, irin gaisuwarmu.

Kwana uku ke nan da barin Ƙalansiya, muna bin gaɓar teku ƙauye-ƙauye a jirgin Baba Nuhu mai dakon busasshen kifi. Ba wanda ya ga Yaya Jam'an, ba wanda ya ga ko katakon kwale-kwalensa. Duk inda muka sauka sai a ba ni shayi da dabino, a ce Allah ya bayyana shi, a kau da kai. Kau da kan nan ya ishe ni. Wata biyu da ɓatan masunci, kowa ya san abin da ke ransa, ba dai mai faɗa.

Kin san ni da ruwa, makiyayin awaki aka ɗora a jirgi. Tun da muka tashi nake amai, har mutanen jirgin sun sa min suna Mai Ciyar da Kifi. Baba Nuhu ya ce, "Tanuf, yayanka a tsaye yake gyangyaɗi cikin kwale-kwale, kai ko zama ya gagare ka. Anya ciki ɗaya kuka fito?" Na yi dariya, amma ba ta kai zuci ba.

Inna ta ce in kawo mata shi ko in kawo mata labarinsa, ga babbar iska na tafe. In ta taso, teku ta rufe ke nan sai bayan wata huɗu. Gobe za mu tsallaka tsibirai. Ki lallashi Inna ta daina rufe masa tasa shinkafar kullum, awaki kawai take ciyarwa.

Yayanki,
Tanuf

Samha, 13 ga Mayu

Sa'adiya,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna da kowa na gida. Ina fata wasiƙata ta farko ta iso.

Mun tsaya a Darsa. Ba mutum ko ɗaya a can, sai duwatsu da ɓeraye da kashin tsuntsaye. Na zaga gaɓar ina kiran sunansa kamar yadda nake kiran akuya in ta ɓata, har muryata ta dushe. Baba Nuhu bai yi min tsiya ba ranar.

Amma a nan Samha na sami labari. Wani tsoho mai kamun shak, ƙaton kifin nan mai haƙora, ya ce ya ji mutanen Abdul Kuri sun tsamo wani baƙo daga teku, wajen wata biyu da suka wuce. Sa'adiya, shi ne. Jikina ya ba ni. Ki gaya wa Inna an ga Yaya, yana raye, yana jinya a Abdul Kuri, ni zan taho da shi.

Baba Nuhu ya ƙi ƙarasawa. Ya nuna min sama ya ce, "Ka ga gajimaren can? Ni na yi tsufa da caca da iska, ina da jikoki." Shi zai juya gida da wannan wasiƙar. Na sami wani ɗan Abdul Kuri da zai koma garinsu, zan bi shi. Kada ki damu, kwana uku ne ko huɗu.

Naki,
Tanuf

Abdul Kuri, 29 ga Mayu

Ƙanwata,

Ina gaishe ki, ina tambayar lafiyar Inna, duk da na san ba mai amsa min.

Mutanen nan ba su da komai, ko ruwan rijiyarsu gishiri-gishiri ne. Amma suna da ɗabi'a guda. In teku ta kawo musu gawar baƙo, sai su yi mata wanka da salla su binne, su cire abu ɗaya daga jikinsa su rataye a bangon masallaci, ko wata rana nasa za su zo nema. Limaminsu, Malam Salmin, ya kama hannuna ya kai ni. Akwai hula, akwai zobe a zare, akwai wuƙa da ta yi tsatsa. Na huɗu ɗamara ce ta gashin akuya, baƙa, da jan zare layi biyu, da wurin da saƙar ta karkace. Kin tuna ranar? Ke kika ja wa Inna zaren, ta bi ki da muciya, Yaya ya ce a bar masa haka, ya fi son ta a karkace.

Liman ya ce, "Ɗana, ba sai ka yi magana ba, na gane naka ne." Ya zaunar da ni. Daga baya ya kai ni kabarin. Sun jera masa fararen duwatsu, sun kyauta masa ƙwarai. Na gaya masa Inna na gaishe shi.

Washegari iskar ta taso. An janye kwale-kwale duka an kife su a tudu, an danne da duwatsu. Ba mai fita sai Satumba.

Yanzu ga abin da ke cina. Tsohon nan na Samha bai ce a raye aka tsamo shi ba. Na tambaye shi, ya ce bai sani ba. Ni na ƙara, da hannuna, don ina so ya zama haka, don kuma ina so Inna ta ci abinci. Na ɗauka kwana huɗu ne, in ƙarya ce zan zo in gyara da bakina. Ga shi Baba Nuhu ya kai wasiƙar, na kuma san Inna. Ta riga ta gaya wa maƙwabta, ta ware ɗan akuyan da za a yanka, kila ma ta ɗora sabuwar saƙa. Wata huɗu za ta yi tana murna a kan maganata, da wannan tarin, ban kuma sani ba ko zan same ta.

Wannan wasiƙa ba jirgin da zai ɗauke ta. Ni zan miƙa miki ita, da ɗamarar a ciki, don bakina ba zai iya ba. Na ce ki hana Inna rufe masa shinkafa. Ina roƙon Allah ya sa ba ki ji maganata ba.

Yayanki, wanda ya rage,
Tanuf