Kumatun Mansur

Tamanrasat, mako biyu bayan sallar layya

Zakiyya,

Bayan gaisuwa, ina fatan kina lafiya, ke da Innarki da mutanen Zango duka. Ni lafiya lau. Iyaka tana rufe saboda korona, aikin gini ya tsaya, amma ba kullum muke kwana da yunwa ba.

Hoton ɗanmu Mansur ya iso. Abokan ɗakina sun ce masha Allah, yaro ya yi kumatu. Kin ce tun da aka rufe lakwal, makarantarsu, Inna ta hana shi leƙa ko ƙofar gida, kada ya faɗi jini ya ƙi tsayawa, tana ta ba shi fura da man shanu wai ya ƙara jini. Ban ga laifinta ba, ita ta rasa ƙanenki wurin kaciya.

Sai dai ki tuna maganar likita. Gwiwar nan da ke kumbura ita ke ɗaukar nauyin, allurar tsayar da jini kuma da kilonsa ake auna ta. Karnensa na likita, wato katin asibiti, kilo ashirin da biyu ya ce, yaron da na gani kuwa ya wuce nan da nisa. Ki kai shi a auna, a gyara awon allurar. Ya riƙa zagaya tsakar gida da la'asar.

Kin nemi hotona. Ki dakata tukuna. In Inna ta ga yadda na koma, Mansur za ta ƙara wa fura.

Allah ya haɗa fuskokinmu.

Mijinki,
Mahamud