Yatsu Takwas Daga Legas

Assalamu alaikum Inno,

Ina gaisuwa. Ya jikin Baffa? Ya mutanen Zakka?

Ni lafiya lau, sai dai injin kamfaninmu ya ɗan taɓa ni. Yatsu biyu ne kawai, kada hankalinki ya tashi. Mai kamfanin ya kore ni, ke kuma kin aiko in bar wa Allah. Inno, na bar wa Allah, amma ban bar wa mutumin nan ba. Ƙungiyar ma'aikata ta tsaya mini. Jiya kowa ya kashe injinsa, aka shiga yajin aiki, kamar 'yan gayya idan mai gona ya zagi ɗayansu.

Ki sa mini albarka. Da takwas ɗin da suka rage nake rubuto miki.

Ɗanki,
Yasir