Littafin Tarwaɗa Mai Harshe Huɗu

Zuwa ga Mai Girma Daraktan Sashen Ilimin Manya, Abuja.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kai da iyali kuna lafiya.

Ranka ya daɗe, ni tsohon ma'aikacin gwamnati ne, na yi ritaya na koma Kuje. Na yi boko tun zamanin da ake zane yaro in ya yi Hausa a aji. Da farar hula suka dawo, kuɗin mai ya kwararo, aka ce a koyar da talaka da harshensa. Na karɓo littafinku na kiwon tarwaɗa, na zuba kuɗin sallamata kaf a harkar.

Na farko. Ashe kwamitinku ya kasa daidaitawa kan harshen da za a fara da shi, sai aka raba babi-babi yadda ake raba muƙamai. Haƙa rami da Hausa, canjin ruwa da Gwari, abinci da Yarabanci, cuta da magani da Ibo. Ramina kam babu kamarsa a Kuje.

Na biyu. Maƙwabcina Bagware ne, mutumin kirki. Ya juya babinsa sama da ƙasa, ya ce shi a baki ya san Gwari, bai taɓa haɗuwa da shi a takarda ba.

Na uku. A kasuwar Gudu, wata Iya Bayarabiya mai sayar da tattasai ta karanta min babin abinci, ta ce marubucin bai iya girki ba, in ƙara manja. Na ƙara. Wani Ibo mai sayar da taya ya karanta na cuta shiru, ya girgiza kai, ya yi min jaje, sannan ya sayar min da taya.

Da na zo ofishinku neman na Turanci, wanda na sha bulala a kansa, aka ce an soke shi, harshen 'yan mulkin mallaka ne. Da Turanci aka gaya min.

Yau kifayen nan suna iyo ciki sama, kaɗan ne suka saura masu motsi.

Ina roƙo a ba ni babin magani da harshe ɗaya da nake ji, kowanne ne, kafin na ƙarshen ya kife. In kwamiti zai zauna tukuna, a turo min babin ƙyafe kifi.

Allah ya ja kwana, ya ƙara girma. Allah ya tsare ka da faɗawa hannun likitan da ya yi karatu da irin littafinku.

Wassalam.

Malam Isiyaku, Kuje.