Kasko a Ƙasar Ƙanƙara

Halifax, Kanada
Talata

Mama,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kina lafiya, ya kasuwa? Jikanki Madu ya fara haƙori, duk abin da ya samu sai baki.

Hankalina ba a kwance yake ba. Tun jiya ake sanarwa a rediyo cewa guguwar dusar ƙanƙara na tafe. Wai iska mai ɗumi ce ta taso daga kudu ɗauke da danshin teku, za ta yi karo da iska mai sanyi daga arewa, su murɗe a kan ruwa, su yi ta ƙara ƙarfi kafin su faɗo mana. Mu kuwa gidanmu titi ɗaya ne tsakaninsa da teku. Na je kanti na tarar an kwashe burodi da kyandir kaf. Baban Madu, Tahir, yana aiki a asibiti, an ce kada ma'aikata su tafi gida sai abin ya wuce. Ni da Madu ne kaɗai. Hitarmu ta lantarki ce, in aka ɗauke wuta ban san da me zan ɗumama yaron nan ba. Tsoro nake ji, Mama.

Ki sa mu a addu'a.
'Yarki, Rahmat

*

Maiduguri
Talata

Rahmat,

Wa'alaikumus salam. Wushe, wushe, sannunku da sanyi. Lafiya lau muke, kasuwa sai godiya, amare sun kusa ƙarar mini da turaren wuta.

Ke dai tun kina ƙarama tsawa kaɗan sai ƙarƙashin gado. Mu da ambaliyar dam ɗin Alau ta kora daga gida da zani ɗaya ba mu mutu ba, sai ke ƙanƙara za ta ci? Wai ɗauke wuta! A Maiduguri kika girma ko a ina?

Ina kaskon turaren da na sa miki a kaya? Ba kin ce mijinki ya sayi buhun gawayi don gashin naman layya ba? To ki shiga ƙaramin ɗaki da yaron, ki rufe ƙofa, ki toshe duk wata kafa da tsumma, ki hura garwashi ki ajiye nesa da shimfiɗa. Haka na raine ku duk sanyin duniya. Ki rufe masa kai da kunnuwa.

Allah ya tsare.
Mahaifiyarki, Zainaba

*

Halifax
Laraba da hantsi

Mama,

Barka da yini, na san ku can la'asar ta yi. Abin ya iso. Iska tana kuka kamar za ta ɗage rufin, dusa tana tafiya a kwance, ko gidan da ke kallonmu ba na gani. Teku ta haura titi, ta watso duwatsu har bakin shingenmu. Ƙofar waje ta ƙi buɗuwa, dusa ta danne ta. Wuta ta tafi tun asuba.

Na yi yadda kika ce, kuma Allah ya saka miki, ɗakin ya yi ɗumi. Wata 'yar na'ura da ke manne a silin ta dame mu da ƙara, tana firgita Madu, na hau kujera na cire mata batir. Yanzu ya yi barci, har na yi mamaki, yaron da ba ya barcin rana. Ni ma kaina na ɗan sarawa, zan kwanta kusa da shi. Zan kashe wayar don caji ya kusa ƙarewa.

Sai na tashi.
Rahmat

*

Maiduguri
Laraba

Rahmat,

Salamu alaikum. Ki kashe garwashin nan! Ki buɗe taga, ko fasa ta ne ki yi, ki fitar da yaron!

Phebe maƙwabciyarmu, wadda take aikin jinya, ta zo shago sayen humra, ni da bakina na karanta mata saƙonki ina alfahari. Sai na ga ta dafe ƙirji. Ta ce, "Ya Zainaba, gawayi a rufaffen ɗaki guba yake fitarwa, ba wari ba hayaƙi. Ɗakunanmu na nan iska na shiga ta ƙasan ƙofa da ta rufi, duk da haka mukan karɓi gawa. Nasu kuwa a liƙe suke kamar firij. Wannan na'urar da ta cire, ihu take yi musu su gudu."

Na kira ki, na kira, waya a kashe. Barcin nan na Madu ba barci ba ne. Rahmat, don Allah ki tashi. Na bar shago a buɗe, ina tsaye a bakin titi ina neman lambar mijinki.

Ya Allah, ka tashe ta.
Mamanki

*

Halifax
Alhamis

Mama,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina sanar da ku cewa suna raye, su biyun.

Da kuka same ni jiya na kira masu agajin gaggawa, suka ce titin bakin teku a rufe yake, sai motar share ƙanƙara ta buɗe musu hanya. Na kira maƙwabcinmu Peter, wani dattijo tsohon masunci. Ya fito da shebur cikin wannan iska, ya haƙa hanya har tagar ɗakin, ya fasa gilashi. Ya tarar Rahmat ba ta iya ɗaga kai, Madu kuma jikinsa ya saki. Ya naɗe yaron cikin rigarsa ya kai wa matarsa, ya dawo ya janyo Rahmat.

Yanzu suna nan asibitinmu, an sa musu iskar oksijin. Rahmat ta farfaɗo, tana magana. Madu ya buɗe ido amma bai karɓi nono ba tukuna, likita ta ce mu jira mu gani. Har yanzu rabin gari babu wuta, jiragen masunta da yawa sun farfashe a tasha.

Kun yi ta cewa a waya ku kuka kashe su. Don Allah ku daina faɗin haka.

Ku huta lafiya.
Ɗanku, Tahir

*

Halifax
Asabar

Mama,

Ina gaisuwa. Madu ya sha nono, har ya cije ni. An ce gobe za a sallame mu.

Phebe ta gaya mini ba ki fita kasuwa, ba ki cin abinci, kuma ina ganin kirana yana shiga ba ki ɗauka. Likita ta tambaye ni yadda aka yi aka san muna ciki, alhali ko maƙwabta ba su sani ba. Na ce mata uwata ce ta gano, daga Maiduguri.

Zan sake kira bayan kin yi Azahar. Ki ɗauka, Mama, ina so ki ji kukansa.

'Yarki, Rahmat